Ruwan ido kan fentin falo: toka, madara ko fari?

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema kafin mai fenti ya zo. Za a yi mana fentin falo da lungun da ke kaiwa ɗakunan kwana, kuma ba na son launi mai ɗaukar ido, mai laushi nake so wanda ba za a gaji da ganinsa ba. Na tace na tace har na tsaya kan uku: Agreeable Gray da Accessible Beige na kamfanin Sherwin-Williams, sai Edgecomb Gray na kamfanin Benjamin Moore. A waya duk ɗaya nake ganinsu, in na kalli wannan in ce shi ne, in na koma wancan in ce a'a wannan ne. Maigidan kuma ya ce a buga magnoliya, fentin nan mai ruwan madara, kowa ya huta. Wa ya taɓa aiki da ɗaya daga cikinsu?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki bi maganar maigidanki. Magnoliya ba ta faɗa da kowane kaya, ko jar kujera kika saka ko koriya za su zauna lafiya. Kuma duk ranar da bango ya ƙwarzane, kowane mai fenti ya san ta, ba sai an yi ta neman lamba ba.

Ɗan Autan Zaure: Hajiya a yi mini afuwa, amma ni duk gidan da na shiga na ga magnoliya sai in ɗauka masu gidan ba su gama shawara ba tukuna.

Hajiya Babba: Ɗan nan ba ka da ta ido. Ka bari ka gina naka mu gani.

Baba Mai Fenti: Kafin a yi nisa da cacar baki, Maman Biyu, amsa mini abu uku. Me ke ƙasan falon, tayil ne ko kafet ko katako, kuma wane launi? Tagogin ina suke kallo? Wane irin ƙwan lantarki ne a silin, fari ko mai rawaya? Bango ba shi kaɗai yake zaune a ɗaki ba. Abin da ba za a iya cirewa ba shi ke zaɓar fenti. Sannan ki ɗauki farar takarda ki ajiye a kan tayil ɗin da rana, ki faɗa mana abin da kika gani.

Maman Biyu: Baba, tayil ne mai sheƙi, ni dai ruwan ƙasa mai haske nake kiransa. Amma da na ɗora takardar sai na ga ya ɗan yi ruwan hoda, musamman jijiyoyin da ke cikinsa. Tagogi biyu ne manya, yamma suke kallo, da la'asar rana har tsakiyar falo take shigowa. Lungun kuwa ba taga ko ɗaya. Ƙwayayen farare ne tas. Kujeru ruwan toka mai duhu, labule ban saya ba tukuna.

Anti Mai Ado: To, yanzu magana ta fito. Ƙanwata, ta fuska biyu ake auna irin waɗannan launuka, haske da sirki.

Haske shi ne mai sauƙi, domin yana da lamba. Kamfanoni kan rubuta LRV a bayan katin launi ko a shafinsu na intanet. Ma'aunin yawan hasken da launi ke mayar wa ɗaki ne, daga 0 baƙi ƙirin zuwa 100 fari fat. Agreeable Gray 60 ne, Accessible Beige 58, Edgecomb Gray kusan 63. Kin ga ba banza suka rikita ki ba, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce biyar ba. A falo mai manyan tagogi duk ukun haskensu ya isa. A lungun da ba taga kuwa 58 nauyi zai yi. Ni a irin wurin ba na sauka ƙasa da 70, sai in da gangan ake son duhu.

Sirki kuwa nan gizo ke saƙa. Duk launukan nan farin fenti ne aka ɗiga masa ɗan baƙi, ɗan rawaya mai ƙasa-ƙasa, ɗan ja. Wanda ya rinjaya a cikin ɗigon ba ya nuna kansa a ɗan ƙaramin kati, sai an shafe bango guda yake ɗago kai. Baƙi da rawaya in sun haɗu kore-kore suke bayarwa, shi ya sa da yawa daga cikin tokar nan mai ruwan ƙasa ke ɓoye da kore. Accessible Beige ya fi sauran karkata ga ruwan ƙasa, amma akwai toka mai kore-kore a ƙarƙashinsa. Agreeable Gray ya fi shi toka. Edgecomb ya fi su haske da laushi, a ɗakin da ke kallon yamma da la'asar sai ya koma kusan ruwan madara. In wani ya ce miki ki ɗauki Revere Pewter, wanda suke maƙwabtaka da Edgecomb a lamba, shi HC-172 wancan HC-173, ki sani ya fi duhu, kusan 55, kuma korensa ba ya ɓuya.

Damuwata tayil ɗin nan ne. Kore da ruwan hoda kishiyoyi ne a ido. In kika jingina bango mai sirkin kore da tayil mai sirkin hoda, kowanne zai tona asirin ɗan'uwansa, tayil ya ƙara ja, bango ya ƙara kore. Da ni ce zan ƙara biyu a gwajin, duk na Benjamin Moore: Pale Oak, kusan 69, wanda shi ma sirkinsa ya ɗan karkata ga hoda, da Classic Gray, kusan 74, wanda saura ƙiris ya zama fari.

Ɗan Autan Zaure: Baiwar Allah ta zo da uku ruwan ido ya kama ta, Anti ta mayar mata biyar. Allah ya saka.

Anti Mai Ado: Auta, in ba ka da abin faɗa ka zauna ka koya.

Malam Mai Zanen Gida: Abin da Anti ta faɗa kan kishiyoyin launi ba ra'ayinta ba ne kawai, an daɗe da gano shi. Wani masanin sinadarai Bafaranshe mai suna Chevreul shi ne shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins da ke birnin Paris. Aka yi ta kai masa ƙorafi cewa baƙin zaren da suke rinawa ba ya yin baƙi yadda ya kamata. Da ya bincika sai ya ga rinin lafiyarsa ƙalau, zaren da ke gefensa ne ke sauya yadda ido ke ganinsa. A 1839 ya wallafa bayanin. Ido kan tura kowane launi nesa da maƙwabcinsa. Toka kusa da ja sai ta yi kore-kore, ita ɗin dai in aka ajiye ta kusa da shuɗi sai ta yi ruwan goro-goro. Launi mai ƙarfi wannan bai cika damunsa ba. Masu laushin nan su ke shan wahala, saboda ba su da ƙarfin kansu da za su tsaya a kai.

Ki kuma leƙa wajen tagar. In akwai itace mai ganye a bakinta, hasken da ke shigowa da ɗan kore yake zuwa. In katanga ce ja ko ruwan goro, ita ma za ta turo nata. Game da fuskar taga, gabas da yamma kowa ya san halinsu: gabas ta yi haske da safe ta lafa da yamma, yamma kuma ta wuni a inuwa sai da la'asar ta cika da hasken rawaya mai ja-ja. Arewa da kudu ya danganta da inda mutum yake a duniya. A ƙasashen da ke can arewa da layin ikwaita tagar arewa ba ta samun rana kai tsaye sosai, haskenta shuɗi-shuɗi ne, a can kudu kuma akasin haka. Don haka in kin karanta wani ya ce launi kaza bai dace da ɗakin arewa ba, ki fara tambaya daga ina yake magana.

Injiniya: Ku bar ni in shigo da nawa fannin, domin rabin rayuwar falo da dare ake yin ta. Maman Biyu, cire ƙwai ɗaya ki duba gindinsa, za ki ga lamba da harafin K. 2700K hasken rawaya ne irin na tsofaffin ƙwayaye masu zare a ciki. 3000K ya ɗan fi shi fari, 4000K tsaka-tsaki, 6500K fari ne mai shuɗi-shuɗi. Tunda kin ce farare tas, ina zargin 6500K ne. A ƙarƙashinsa ruwan madara kan yi dishi-dishi, toka kuma ta ja zuwa shuɗi. A 2700K kuwa magnoliyar Hajiya rawaya za ta koma sosai. Ga launukan da ake lissafawa a nan, ni tsakanin 3000K da 4000K nake ba da shawara.

Akwai lamba ta biyu a kwalin ƙwan, CRI, wadda ke nuna yadda ƙwan ke fito da launi a gaskiyarsa, ƙololuwarta 100. Na gama-gari 80 ne, in kin samu 90 ko sama ki ɗauka. Ƙwayayen ɗaki guda kuma su zama lamba ɗaya, kada a gauraya. Ki fara sauya ƙwayayen kafin ki gwada fenti, musamman a lungun, tunda can ƙwan shi ne rana.

Maman Biyu: Injiniya ka canka, 6500K aka rubuta. Ni na ɗauka ƙwai ƙwai ne.

Baba Mai Fenti: Kin san yadda mai sayen yadi ke fita da shi bakin ƙofar shago ya duba a rana kafin ya biya? Haka fenti yake so, sai dai shi a naki falon za a duba shi. Waya kam ki ajiye ta, kowace waya da yadda take nuna launi.

Ki samo ƙananan gwangwanayen gwaji. Kada ki shafa kai tsaye a bango, musamman in tsohon fentin yana da launi, zai yi miki abin da Malam ya bayyana. Nemi kwali mai kauri, faɗinsa kamar rabin mita kowane gefe ko fiye, ki shafe shi har baki. Shafi biyu, ki bar na farko ya bushe kafin na biyu. Fentin ruwa launinsa kan ɗan sauya in ya bushe, don haka ba a yanke hukunci yana jiƙe. Ki tsayar da kwalin a tsaye jingine da bango, gindinsa na taɓa tayil. In kika kwantar da shi a ƙasa haske daban yake faɗa masa, kuma ba a kwance bangon zai zauna ba. Ki duba da safe, da azahar, da la'asar, da dare in an kunna wuta. Ki kai shi bangon da ke fuskantar taga, ki dawo da shi bangon da tagar ke jikinsa, wannan na biyun kullum ya fi duhu. Ki kai shi bayan kujera. Sunan launin a baya za ki rubuta, saboda suna na yaudarar mutum. Kuma ɗaya bayan ɗaya, kada ki jera su biyar a wuri guda, ba a jere za su zauna a gidanki ba.

Anti Mai Ado: Baba, da girmanka, a nan mun ɗan saɓa. Ni da farko jera su nake yi, domin sirki ba ya fitowa sai an kwatanta. Edgecomb shi kaɗai toka ne kawai, amma in ka jingina shi da Pale Oak nan take za ka ga wanne ya karkata ga rawaya, wanne ga hoda. In ta gane halin kowanne, sai ta raba su ta bi yadda ka ce.

Baba Mai Fenti: Na yarda, in dai ba a jeren za ta zaɓa ba. Abin da nake gudu shi ne a jere mutum kan ƙi launi mai kyau don kawai na gefensa ya ɓata shi.

Sabon Magidanci: Sannunku da ƙoƙari, ina biye da ku tun ɗazu. Inda nake ba a sayar da fentin waɗannan kamfanoni biyu. In na kai suna ko hoto wurin masu injin haɗa launi, za su fitar mini da irinsa?

Baba Mai Fenti: Za su kusanta, amma kada ka sa rai da ɗaya sak. Kowane kamfani da farin tushensa da ruwan launinsa. A launi mai ƙarfi ɗan bambancin ba ya nunawa. A irin waɗannan kuwa ɗigo ɗaya na ja ko baƙi shi ne bambancin wannan suna da wancan. Hoto kam ka manta da shi. In akwai ainihin katin launin ka kai, su haɗa maka lita ɗaya, ka gwada abin da aka haɗa maka, ba abin da ka gani a intanet ba. In ya yi, a manna maka lissafin haɗin a jikin murfi. Ni shawarata ma ka buɗe katin kamfanin da kake samu a kusa ka zaɓa daga ciki, babu kamfanin da ba shi da tokarsa mai ruwan ƙasa.

Anti Mai Ado: Kuma ku yi hattara da suna. Akwai Swiss Coffee a Benjamin Moore, akwai a Behr, kuma ba launi ɗaya ba ne. Pure White ma haka, Sherwin-Williams na da shi, Benjamin Moore na da nasa. Hatta Dulux, na Ingila na hannun kamfanin AkzoNobel tun 2008, na Ostireliya kuma wani kamfani ne daban da nasa jerin launuka. Sunan launi da lambarsa da kamfaninsa, a tare ake faɗarsu.

Sabon Magidanci, in jerin Dulux na Ingila kake samu, duba Egyptian Cotton, toka ce mai ruwan ƙasa a sahun waɗanda ake magana. Natural Hessian ya fi shi karkata ga ruwan ƙasa, Timeless kuma fari ne da aka kashe wa kaifi. Masu son fentin kamfanin Farrow & Ball kan kwatanta Skimming Stone da Elephant's Breath da Ammonite. Elephant's Breath ya fi duhu kuma yana da sirkin shunayya mai ja-ja, kamfanin da kansa ya faɗi haka. Ammonite ya fi su zama toka tsantsa.

Malam Mai Zanen Gida: Mu a wajen zane lambar da ba ta kowane kamfani ba muka fi so, domin ƙofa da taga da bango ba wuri guda ake yin su ba. Tsarin RAL na Jamus tun 1927 yake, da launi 40 ya fara. A farare ana yawan kiran RAL 9010, fari mai ɗan laushi, da RAL 9016 wanda ya fi shi tas, da RAL 9001 ruwan madara. Magnoliyar Hajiya ma tana da lambarta a ma'aunin Birtaniya, BS 4800, 08 B 15.

Hajiya Babba: Auta kana ji? Har lamba gare ta a hukumance.

Ɗan Autan Zaure: Na ji Hajiya. Lamba ba ta hana ta zama magnoliya ba.

Anti Mai Ado: A yi wa Hajiya adalci. Magnoliya ba ta da laifi a ɗakin da kayansa katako ne da ruwan ƙasa, tana zama da su daram. Inda take faɗuwa shi ne kusa da kujeru ruwan toka irin na Maman Biyu, da tagar yamma. Toka za ta ƙara fito da rawayarta, ranar la'asar ta ƙara mata, sai ɗakin ya yi kamar an daɗe ba a yi masa fenti ba.

Maman Biyu: Wata tambaya kafin in manta. Yaran nan ba sa wucewa ta lungun sai sun goga hannu a bango. Mai sheƙi zan saya ko marar sheƙi? Kuma sheƙin na sauya launi?

Baba Mai Fenti: Yana sauyawa. Launi ɗaya in aka yi shi marar sheƙi sai ya kwanta lumui, in aka yi shi mai sheƙi sai ya ɗan yi zurfi kuma ya riƙa ɗaukar hoton taga da ƙwai. Marar sheƙi na rufa wa filasta asiri. Mai sheƙi kuwa duk wani tudu da kwari na bango sai ya nuna, balle ke da ranar yamma ke shigowa a karkace tana shafar bango. A falo ki yi marar sheƙi, akwai irinsa da ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, ki tambayi wannan. A lungun yara ki yi mai ɗan sheƙi kaɗan. Gwajin ma ki yi shi da irin wanda za ki saya.

Maman Biyu: Jama'a na dawo da rahoto. An sauya ƙwayaye zuwa 3000K, na yi kwalaye kamar yadda Baba ya ce. Gani ya kori ji. Accessible Beige da Agreeable Gray a saman bango kyau suke yi, amma da zarar gindin kwalin ya taɓa tayil sai tayil ɗin ya ƙara ruwan hoda, ba laifin fentin ba ne, tayil ɗina ne bai karɓe su ba. Edgecomb da safe ya fi duka burge ni, da la'asar kuma sai ya koma madara, kusa da kujerun bai zauna mini ba. Pale Oak ne tayil ɗin ya lafa a kusa da shi, har jijiyoyin suka daina fitowa. A lungun kuwa Classic Gray ya fi shi buɗe wurin. Maigidan da ya zo na juya masa kwalayen ban faɗa masa suna ba, shi ma Pale Oak ya nuna. Yanzu silin da ƙofofi suka rage. Wane fari?

Anti Mai Ado: Madalla. Falo Pale Oak, lungu Classic Gray, za su gaisa lafiya a kusurwar da suka haɗu tunda sirkinsu bai yi nisa da juna ba.

Fari kuma shi ma gidan ruwan ido ne, amma zan taƙaita. White Dove, kusan 83, fari ne mai ɗan rawaya da aka danne da toka, shi aka fi haɗawa da Pale Oak kuma ni ma shi zan ce. Simply White ya fi shi haske, kusan 90, rawayarsa ta fi fitowa, shi ne launin shekara na Benjamin Moore a 2016. A shekarar Sherwin-Williams su ma fari suka zaɓa, Alabaster, 82, wanda ya fi karkata ga madara. Chantilly Lace fari ne tas kusan ba sirki, in kina son bango ya fito sosai a gefen ƙofa shi ne, amma zai ƙara nuna hodar tayil kamar yadda farar takardar nan ta yi. Ki bar tazarar kamar goma a lambar haske tsakanin bango da ƙofa. In suka yi kusa da yawa sai a ɗauka an so a yi launi ɗaya ne aka kuskure.

Injiniya: Silin da ƙofa dole fari ɗaya ne?

Anti Mai Ado: Ba dole ba ne, amma ya fi sauƙi. Fari ɗaya, silin marar sheƙi, ƙofa da katakon gindin bango mai sheƙi. Bambancin sheƙin kaɗai ya isa ya raba su. Silin kullum yana nuna ya fi duhu fiye da yadda yake a kwali, saboda a inuwa yake kuma yana ɗaukar launin ƙasan ɗaki.

Baba Mai Fenti: A ƙofofin ki nemi mai sheƙi na ruwa. Farin fenti na mai yana komawa rawaya da daɗewa, kuma ya fi saurin yi a inda rana ba ta kaiwa, irin lungunki da bayan ƙofa. In bangon sabuwar filasta ce a bari ta bushe sarai, a fara da shafin share fage, in ba haka ba za ta sha fentin wani wuri fiye da wani, launin ya yi dabbare-dabbare.

Sabon Magidanci: Baba, nawa ake saya? Ina tsoron ya ƙare a tsakiyar aiki.

Baba Mai Fenti: Auna tsawon bango da tsayinsa ka ninka, ka cire ƙofa da taga. Lita ɗaya ta fentin ruwa kan rufe kamar murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya a bango mai santsi, ka duba jikin bokitin don kowanne da nasa lissafin, ka raba awon bangon da wannan lissafin, sannan ka ninka biyu tunda shafi biyu ne. Ka saya duka lokaci guda, ka duba lambar haɗin da ke jikin bokitan ta zama ɗaya. Na taɓa zuwa gyara a wani falo da aka ƙaro bokiti daga baya, suna ɗaya kamfani ɗaya, amma daga tsakiyar bango zuwa kusurwa kana ganin layin inda tsohon ya ƙare, da rana ba ya nunawa sai an kunna wuta. Shi ya sa kafin a fara nake juye bokitan duka a babban mazubi ɗaya in gauraya. In kuma dole ya ƙare, a tsaya a kusurwa, kada a tsaya a tsakiyar bango. Ragowar ka zuba a ƙaramin gwangwani mai murfi, ka rubuta sunan ɗakin da lambar a jiki, ka ajiye inda rana ba ta dukansa.